Tabarmar Auren Manase

"Tambaya ɗaya zan yi miki, Kalo. Me Manase ya yi miki?"

Kalolaine ta ɗago daga teburin asibitin haƙorin da take aiki, ta ga wani dogon Bature kunnuwansa sun yi jajir. Callum ne. A hoto kaɗai ta san shi, kullum yana jingine da kafaɗar yayanta Manase.

"Aiki nake yi..."

"Zan jira. Ko ki sa a cire min haƙori ɗaya, in sai da haka za ki saurare ni."

Dariya ta taso mata, ta haɗiye. Ta ja shi waje, suka tsaya a rumfar jiran bas ta unguwar Mount Druitt.

"Ranar Asabar za mu yi aure," ya ce. "Bai gaya miki ba, ko?"

Auren Manase, a bakin baƙo take ji!

Duk birnin Sydney an san fuskar Manase a talabijin. A unguwa kuwa an fi saninsa da zauren da yake koya wa matasa wasan kwaikwayo, yake nema wa waɗanda aka kora daga gida wurin kwana. Tun ranar da ya faɗa wa 'yan jarida cewa shi namiji yake so, Baba ya sauke hotonsa daga bangon falo.

"Ya ce ƙyamarsa kike yi," in ji Callum.

"Ni?!"

"Ba ki taɓa zuwa kallon wasansa ba. Ranar da ya je gidan goggonku aka kunna shirinsa, tashi kika yi kika fita."

"To ai dole in fita! Rungumarsa fa ake yi a ciki! Ni ƙanwarsa ce!"

Callum ya tsaya yana kallonta galala.

Ta ina za ta fara? Wace 'yar tsibirin Tonga irinta ce za ta zauna ɗaki ɗaya da ɗan'uwanta namiji ana zancen soyayya? Tun tana ƙarama ba ta shiga ɗakin Manase, ba ta taɓa jikinsa. Da mace ce ta rungume shi a shirin ma, haka za ta tashi. Girmamawa ce, kuma da ita kaɗai ta iya nuna masa ƙauna.

"Ai ya san al'adar," ta ce a hankali. "Ya ma fi ni sani."

"Ya sani. Amma ranar Goggo ma ta fita tana tsaki, mijinta ya bi ta. Ƙofa ɗaya kuka bi, Kalo. Yaya zai bambance fitarki da tasu?"

Ita kanta ta bambance kuwa? Da gaske girmamawar ce kaɗai ta ɗaga ta daga kujerar nan, ko har da tsoron idon Goggo?

"Ki kira shi ki faɗa masa mana."

"In ce me? In yi wa yayana zancen wanda yake so? Bakina ba zai iya ba!"

"Kai! Ku wannan gidan, sai kun kashe ni," ya ce. "Ina sonsa, Kalo. Ya ce ba komai in ba kowa nasa a wurin. Ƙarya yake yi. Ɗan wasa ne, amma ni ba ya iya yi min wasa."

Ranar Juma'a da yamma ta ajiye wa Baba naman rago a naɗe cikin ganyen gwaza. Yana duba Littafi Mai Tsarki, yana shirin wa'azin Lahadi.

"Baba, gobe Manase zai yi aure."

"Ba ni da labari."

"Yanzu ka samu..."

"Ba wanda zai je daga gidan nan!"

"To wa zai ɗaura masa tabarma a ƙugu, yadda muke yi wa ango a Tonga? Haka zai tsaya ƙugu tsirara, kamar ba shi da dangi?"

Baba ya juya shafi. Bai karanta ba, ta gani, idonsa bai motsa ba.

Da safe ta shiga ɗakin marigayiya Mama, ta ɗaga katifa. Tabarmin gidan suna nan a shimfiɗe. Ta zaro mai laushin nan da Mama ta ware don auren Manase. Tana juyowa ta ga Baba a bakin ƙofa.

"In kika fita da ita, Kalolaine..."

"Kai ka koya min, Baba. Ka ce 'yar'uwa ce ke tsaya wa ɗan'uwanta ran murna da ran kuka. Ban san ko daidai nake yi ba... Allah ya sani ban sani ba. Amma ba ka ce in ya ɓata maka rai in daina ba."

Ya daɗe yana kallon tabarmar.

"Ba haka ake naɗe ta ba. Za ki karya mata baki."

Ya karɓa, ya naɗe ta yadda Mama take yi, ya ajiye a kan gado. Ya fita bai kalle ta ba.

Zauren ya cika da matasan Manase, sai ihu suke suna jera kujeru. Shi yana tsaye cikin baƙar kwat, ƙugunsa ba komai. Da ya hango ta, maganar da yake yi ta tsinke.

"Kalo...?"

Ta ƙaraso gabansa, ta warware tabarmar, sai ta sandare. Ta manta! Ba za ta iya zagaya hannu a ƙugun yayanta ba. Kuma duk zauren babu wata mace ta danginsu sai ita.

Murnar fuskar Manase ta fara gushewa.

Sai ta juya.

"Kai, mai jan kunne. Ɗaga hannuwanka."

"Ni?" in ji Callum.

"Akwai wani ne?"

Ta naɗa masa tabarmar Mama, ta zagaya igiya, ta ja da ƙarfi.

"Wayyo! Kalo, numfashina!"

"Ka yi numfashi bayan biki. Ɗan gidanmu ba ya raki."

Matasan suka ɓarke da sowa. Manase ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

Ta zauna a kujerar gaba har aka gama alkawari. Da matar da ke ɗaura auren ta ce ango ya sumbaci ango, Kalo ta miƙe zumbur. Ta yi taku biyu, ta tsaya. Ba ta juyo ba, amma ta ɗaga muryar da ba ta saba ɗagawa ba.

"Yaya! Fita zan yi... amma ina nan bakin ƙofa. Ba inda za ni!"

Daga bayanta ta ji shi, dariya da kuka sun haɗe masa.

"Na ji, ƙanwata. Na ji! Ki toshe kunnuwa ma!"