Ƙashin da Aka Binne a Gonar Gyaɗa

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, an yi wani yaro a lakol ɗin Cadawa, wato makarantar boko ta garin. Ba ɗan garin ba ne. Daga ƙauye babansa ya kawo shi a kan jaki, ya ajiye shi gidan yayarsa, Gwaggo Shatu. Baban ya sha ruwa, ya juya. Yaron ya tsaya bakin zaure yana kallon jakin har ya ɓace.

Nasara dai ya tafi, amma ya bar wani abu a lakol. Wani ƙashi ne da aka huda, aka zura masa igiya. Yara suna ce masa sambal. Duk wanda aka ji ya yi Hausa a lakol, sai a rataya masa shi a wuya. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yana Hausa. Wanda aka tashi ƙashin yana wuyansa, shi ke shan bulala.

Yaron nan kuwa bai iya Faransanci ba, in ban da "wi, Mushe". Wi shi ne eh, Mushe kuwa shi ne malami. To, me zai faɗa? Sai ya kulle bakinsa gum.

Kullum da safe cikinsa sai ya riƙa murɗawa. Hannunsa ya jiƙe da gumi har alli ya ƙi rubutu. In an buga ƙarfen shiga aji, gabansa ya yi ta faɗuwa. In an fito hutu, yara na ta guje-guje, shi yana raɓe gindin aduwa shi kaɗai. Har suka laƙa masa suna, wai Bebe.

A gida Gwaggo takan ce, "Ɗan nan, lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau, Gwaggo."

Ita ke nan amsarsa kullum.

Ran nan da hutu ya zaga bayan aji, sai ya taka ƙayar aduwa. Bai san sanda ya ce, "Wayyo Inna!" ba.

Ashe Ɗantala ɗan mahauci yana laɓe bayan katanga. Tun safe ƙashin yana wuyansa, yana neman wanda zai jibga wa. Ya yi tsalle ya fito.

"Allah na gode maka! Ashe Bebe na magana!"

Sai da ya gama faɗa sannan ya cire ƙashin, don ya san doka: in ya yi Hausa bayan ya cire, wuyansa zai dawo. Ya rataya wa yaron, ya toshe nasa bakin da hannu, ya zura da gudu.

Ba wanda ya gani. Yaron ya tsaya da ƙashi a wuya. Wa zai kama? Shi da ko kusa da mutane ba ya zuwa. Ya tuna bulala. Sai ya cusa ƙashin cikin riga, ya tsallaka gonar gyaɗar da ke bayan lakol. Ya tona rami da hannu, ya binne shi, ya taka wurin da ƙafa.

Da za a tashi, Mushe Tanimu ya tambayi inda sambal yake. Ɗantala ya nuna yaron.

Mushe ya dube shi. Yaron ya sunkuya, ya girgiza kai.

"Na rantse na ba shi!" in ji Ɗantala.

Amma kowa ya san Ɗantala da fitina, shi kuwa yaron ba a taɓa kama shi da komai ba. Mushe ya kori Ɗantala, ya ce kada ya sake tako lakol sai da ƙashin a hannunsa.

Ɗantala, duk rashin jinsa, yana son lakol, kuma ba wanda ya kai shi lissafi. Babansa ya ce tun da an kore shi shi ke nan, ya zo kasuwa ya kama wankin hanji.

Yaron ya ɗauka in ya binne ƙashin tsoro zai tafi. Ina! Ƙaruwa ya yi. In ya waiwaya a aji, ga wurin zaman Ɗantala babu kowa. In Mushe ya yi tari, sai ya zabura. Yara suka soma zarginsa, suka ja jiki, har wanda ke zaune kusa da shi ya matsa can gefe.

Ranar kasuwa Gwaggo ta aike shi sayen daddawa. Sai ya yi kiciɓis da Ɗantala, da ƙwaryar hanji a ka. Ɗantala ya dube shi, ya wuce. Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Da la'asar suna zaune ƙarƙashin rumfa shi da Gwaggo, suna ɓarar gyaɗa. Gyaɗar na ta zubewa ƙasa daga hannunsa.

"Ajiye," in ji Gwaggo. "Fura ka bar ta, tuwo ka bar shi. Ka rame kamar kara. In ubanka ya zo me zan ce masa? Na cinye ka?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Ƙarya kake yi. Ungo ruwa, sha."

Ya sha. Ta dafa masa baya.

"Ja numfashi a hankali. Sake shi. Ƙara. Yauwa, haka."

Ta ci gaba da ɓararta, ba ta dube shi ba. Can ta ce, "Ka gan ni nan da furfurata? Tsoron mota nake yi. In za ni Maradi, da na shiga sai in ce wa ta kusa da ni, baiwar Allah, ni fa matsoraciya ce, zan riƙe miki zane. Ta yi dariya, in yi, har mu isa. Kai naka mene ne?"

Sai kuka ya ƙwace masa. Ya faɗa mata duka: ciwon cikin safe, da ƙaya, da ƙashi, da Ɗantala.

Gwaggo ta bari ya gama, ta share masa fuska da bakin zanenta.

"Saurara, ɗan nan. Tsoron da ka ji ba laifi ba ne. Ƙaryar ita ce laifi. Ka ɗauki kayanka ka aza wa ɗan mutane."

"Za a buge ni, Gwaggo."

"Wataƙila. Zan raka ka. Amma bakinka ne zai yi maganar, ba nawa ba."

Da safe suka biya gonar, ya tono ƙashin. Gwaggo ta yi sallama ƙofar aji, Mushe Tanimu ya fito, ya rusuna ya gaishe ta.

Yaron ya miƙa ƙashin. Ya ja numfashi, ya sake, ya ce, "Mushe, ban san yadda ake faɗa da Faransanci ba."

Mushe ya dube shi, ya ce, "Faɗa da Hausa, yaro. Ni ma ɗan garin Gazawa ne, da ita aka raine ni."

Yaron bai taɓa jin Hausa a bakin Mushe ba. Maganar yaron ta riƙa fitowa da kyar, amma ta fito duka.

"Ka zalunci Ɗantala, ni ma ka sa na zalunce shi," in ji Mushe. "Je ka ba shi haƙuri gaban babansa, ku dawo tare. Sharar filin lakol kuma taka ce, sai na ce ta isa. In karatu ya shige maka duhu, ka same ni bayan an tashi. Ka ji?"

"Wi, Mushe."

Mushe ya jefa ƙashin cikin akwati. Ƙananan yara dai ba a sake rataya musu shi ba a ajinsa.

A kasuwa yaron ya durƙusa gaban mahaucin, ya faɗi gaskiya. Sannan ya juya wajen Ɗantala.

"Don Allah ka yafe mini."

"Kai, Bebe! Ka sa na wanke hanji har ƙudan kasuwar nan sun san sunana!"

"Na tuba."

"To, na yafe. Amma gobe ka zo mini da soyayyar gyaɗar Gwaggo, kuma ba 'yar kaɗan ba."

Suka koma lakol tare, Ɗantala na ta zuba, yaron na dariya.

Kada ku ɗauka tsoron ya tafi a rana ɗaya. Wata safiyar cikin yakan murɗa. Amma yanzu sai ya ce, "Gwaggo, abin ya zo." Ta ce, "To, ja numfashi, ka shanye kokonka." Da hutu kuma yana da abokin wasa.

Yara, kowa na jin tsoro, har manya. In ya kama ku, kada ku ɓoye shi, kada kuma ya sa ku yi wa wani ƙarya. Ku faɗa wa babba wanda kuka amince da shi. Da kun faɗa, za ku ji kun samu sauƙi.