Hoto a Hanyar Gangara

Shekarar da aka sami 'yanci, kowa a garin Agiye ya tuna yana da fuska, Maharazu mai hoto kuwa ya sami abin yi. Wani dare yana dawowa daga biki a Gangara, akwatin hoto ɗaure a bayan keke, sai wani mai farar riga ya fito daga gindin gawo ya riƙe masa kan keken.

Wari ne ya fara gaishe shi, irin na akuyar da ta ruɓe a rijiya. Hannun mutumin jiƙe yake, yana yauƙi, ƙudaje na binsa a lokacin da ƙudan kirki ke barci.

"Mai hoto, kowa ka ɗauka a bikin, ban da ni."

"Baba, hoto sai da rana. Sakar mini keken."

"Ga farin wata nan. Ɗauke ni, in sake ka."

Maharazu ya sauka daga keken. Ya ƙudura zai yi kamar ya ɗauka, ya wuce abinsa. Manyan mutane ma ya sha yi musu haka. Ya kwance akwatin ya kafa, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, warin ya bi shi ciki.

A gilashin akwati kowa a juye yake fitowa, ƙafa sama, ko da kumandan soja ne. Ga gawon a juye, ga keken a juye, ga wata can ƙasa. Mutumin kaɗai ke tsaye daidai, yana gyara hula.

"Na yi kyau?" in ji muryar, daga cikin ƙyallen, dab da kunnensa.