Ƙurar da Ginshiƙi Ya Bari

Da hantsi aka kawo wa Sufeto rahoto cewa an sace ginshiƙin gwaji daga ɗakin binciken kamfanin gada. Nan take ya nufi wurin, domin jibi za a buɗe gadar, kuma autarsa na cikin 'yan makarantar da za su fara taka ta.

Ya tarar da injin matsi yana hawa da sauka a kan iska, a hankali, kamar numfashin mai barci. Hasken taga ya kwanta a kan wata ƙura mai ƙyalli a ƙasa. Sufeto da ma gwanin tafiya tunani ne, ya tsaya kallonta har sai da mai kula da injin ta yi gyaran murya.

Ta ce ginshiƙin, samfurin waɗanda ke riƙe da gadar, ba ƙarfe ba ne, zaren gilashi ne aka haɗa da danƙo, wata da watanni injin na danna shi a ga ko zai gaji. Lafiyayye ba ya zubar da ƙura, sai wanda ya tsage, ƙurar kuma tana sa ƙaiƙayi.

Mai gadi ya rantse bai ga kowa ba. Da aka nuna masa kwaɗon ƙofa lafiya ƙalau, rantsuwar ta yi laushi, ya ce shi dai ba ya leƙa motar manya.

Babban Injiniya ya tarbi Sufeto da fara'a. A bayansa ga zanen gadar, siririya, tana shawagi bisa ruwa.

Sufeto ya ce, "Yaushe rabonka da ɗakin gwaji?"

"Na kwana biyu, Yallaɓai."

"To, mene ne yake cin ka a wuya haka?"

Hannun dattijon ya tsaya cak. Gefen wuyansa ya yi jawur da susa, inda ya saɓa ginshiƙin, ƙurar na ƙyalli a kwalar rigarsa.

Ya zauna. Ya ce ginshiƙin yana cikin bayan motarsa. Rabin rayuwarsa yake mafarkin gadar nan, da ya ga tsagin sai ya lallashi kansa cewa wannan ɗin ne kawai ya sami matsala.

"Za ka bar jikanka ya hau?"

Dattijon ya miƙa hannuwa a sa masa ankwa. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tasa ƙeyarsa.

Sufeto ya sa aka datse bakin gadar, sannan ya kira gida ya ce babu zuwa biki. Ta cikin wayar ya jiyo auta tana rusa kuka, tana cewa Baba ya cuce ta. Tun da aka haife ta bai taɓa jin daɗin kukanta irin yau ba.