Wanda Ya Shafe Muryar Ma'u

Jannatu Arzika ta sa kaset a na'ura, ta danna, ta kara kunne. Ta ji muryarta tana cewa, "Inna Ma'u, bismilla." Daga nan sai ƙas, sai huci. Ta tura gaba, huci. Ta dawo baya, ta sake, huci dai. Har ƙarshen kaset ɗin babu Ma'u, babu waƙa. Ta zauna a ƙasan ɗakin haɗa shirye-shirye na gidan rediyon da take koyon aiki a Birnin Kebbi, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Jannatu ɗalibar ajin ƙarshe ce a sashen koyon aikin jarida na jami'a. Sashen ba ya ba da digiri sai ɗalibi ya ci darussan aji, ya yi koyon aiki a gidan jarida ko na rediyo, ya rubuta kundin bincike, sannan ya kawo shirin rediyo na rabin awa wanda ya fita ya ɗauko da kansa. Kaset ɗaya ake ba kowa, da hatimin sashe a jikinsa, kuma ba a karɓar kwafi, don a da ɗalibai sun sha sayen shiri a hannun tsofaffin ma'aikata su kawo a matsayin nasu. Jannatu ta gama da komai sai wannan. Ciwo ya riga ya cinye mata shekarar rangwame da doka ta yarda, saboda haka in ta faɗi bana, ta fita ke nan hannu wofi.

Shirinta a kan waƙoƙin daka ne na matan Argungu, kuma tsohuwa ɗaya ta samu da ta riƙe su duka, Ma'u, matar wani masunci. Ba a daɗe da ɗaukar ba Ma'u ta kwanta, ba ta tashi ba.

Shugaban sashe bai ja zancen ba. Ya ce in 'yan sanda sun tabbatar hannun wani ne, suka faɗi ko wane ne, za a ba ta sabon kaset da ƙarin zango. In ba haka ba sakacinta ne, sakaci kuwa faɗuwa ce.

A caji ofis dariya aka yi mata, wai an kawo ƙarar satar murya. Sufeto Maliki Tamba ne kaɗai bai yi ba. Yana cikin waɗanda aka kwaso daga Sakkwato da aka yanke sabuwar jiha, aka zube su Birnin Kebbi babu gidajen zama. Iyalinsa na can, shi yana nan a ɗaki guda a unguwar Badariya, daga tabarma sai buta sai ƙaramar rediyo. Mutumin da ba wanda ke jiransa a gida ba ya raina aiki, ko na kaset ne.

"Wa kike zato?" ya tambaye ta.

"Nasrullahi, yallaɓai. Ajinmu guda, wuri guda muke koyon aiki. Mun yi faɗa kan na'ura, yac ce sai na gani."

"Ina kaset ɗin yat taɓa kwana?"

"Cikin jakata. Na tai da shi Argungu ta'aziyya. Da nid dawo na aje shi kabad ɗin ofis."

"Ban da ke wa yat taɓa jin abin da ke ciki?"

"Ba kowa. Ni ɗai."

Sufeto ya fara da Nasrullahi. Dogo ne mai yawan gyara wuyan riga, irin ɗaliban da tun ba a ba su digiri ba suke magana kamar masu karanta labaran duniya. Nasa shirin, a kan kasuwar albasa, ko rabi bai kai ba.

"Ka ce mata sai ta gani?"

"Na ce."

"Ta kuwa gani."

"Yallaɓai, fushi na kawai. Da ni na, mi za ya sa in maido shi kabad? Gulbi na nan kusa."

"Kana da na'ura inda kake kwana?"

"Da ina da ita mi za mu yi wa faɗa?"

Amsar ta yi rashin kunya, amma ta yi ma'ana. Sufeto ya wuce wurin Sunusi, mai kula da na'urorin gidan rediyon, wanda makullin kabad ke aljihunsa. Sunusi ya juya kaset ɗin, ya nuna masa wasu 'yan ramuka biyu a gefe, rufe da roba.

"Kunnen kaset ke nan. In anka karya shi, ba ya ɗaukar komai kuma. Na ce mata ta karya, tac ce sai ta ƙara jawabin rufewa."

"In kai za ka shafe kaset, yaya za ka yi?"

Sunusi ya jawo wani baƙin mayen ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. "In goga mai wanga, shi ke nan. Ko bismillar tata ba ta saura. Ita ma na'urar, duk yaron da yay yi mako nan ya san yadda ake kashe mata makirfo ta shafe shiru. Wanga ba shiru ba na, ɗauka anka yi bisa ɗauka."

Sufeto ya sa aka ba shi wani tsohon kaset, ya ɗauki sautin ɗakin na ɗan lokaci, ya saurara. Gurnanin janareta ya cika shi. Ya gwada a baranda, ya gwada a bayan gida, duk ɗaya, don a kwanakin nan injin ba ya hutawa muddin akwai mutum a ginin. A kaset ɗin Jannatu kuwa babu ko alamarsa. Ya sallami Sunusi da Nasrullahi, ya ari na'urar ya tafi da ita.

Ranar Asabar da hantsi ya rufe ƙofar ɗakinsa, ya zauna a tabarma, ya saurari abin da kowa ya kira huci. Karon farko bai ji komai ba sai kewar gida, don ya san irin wannan shirun, kullum da shi yake cin tuwo. A karo na gaba ya fara rarrabewa. Akwai numfashi, na mutum ɗaya, mai nauyi, kusa ƙwarai. Akwai wani ƙaras-ƙaras da ke zuwa ya tafi, kamar ana goga gashi a jikin na'urar. Sau da yawa ana ɗan girgiza ta, a ajiye. Can wani abu mai rami a ciki ya faɗi, ya gangara, ya yi ƙara irin ta babban gora. Wajen ƙarshe, nesa, bayan katanga, wata mace ta yi sallama ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?"

Ya kashe na'urar, ya sa takalmi, ya nufi unguwar Nassarawa inda Jannatu ke zaune wurin gwaggonta.

"A Argungu kin rabu da jakar?"

"Sau guda. Na bar ta ɗakin marigayiya da munka tai kai abincin sadaka maƙwabta."

"Kaset na cikin na'ura?"

"I. Da safe na kunna, na ji bismillata, sai na ji ba ni iya jure jin muryarta. Na kashe."

"Ran da kika yi ɗauka, wa ke wurin?"

"Ni da ita. Baba Hodi, mijinta, shi yak kawo muna tabarma, ya tsaya yana kallo ina gyara na'ura. Sai Inna tac ce ba ta waƙa gabanshi, shi fita." Ta dubi Sufeto, fuskarta ta canza. "A'a, yallaɓai. Baba Hodi ko rediyo bai da ita."

"Shi ya sa," in ji Sufeto.

Washegari suka shiga motar Argungu. Hanyar ta bi ta gefen fadama, shinkafa ta yi kore. Suka tarar da Hodi a zaure shi kaɗai, ƙaramin tsoho mai farin gemu, yana ɗinkin homa, ragar da masuntan garin ke kama kifi da ita. Goransa na hawa ruwa na jingine a bango. Masu ta'aziyya sun daɗe da watsewa, gidan ya yi tsit, ko hayaƙin murhu babu.

Aka gaisa, aka yi addu'a. Sufeto ya fito da na'urar ya ajiye a tabarma. Hodi ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka san wagga?"

"Na san ta."

"Ka taɓa ta?"

Tsohon ya ajiye allurar ɗinki. "Na taɓa. Ban ɗauki komi ba, ranka shi daɗe. Yadda nis same ta haka nim maida ta."

"Nuna mini yadda kay yi."

Hodi ya miƙo yatsu biyu masu kaushi, ya ɗora ɗaya a kan jan maɓalli, ɗaya a kan na kusa da shi. "Haka nig ga ɗiyar nan ta yi ran nan. Na duba da kyau, ban yi kuskure ba. Abin ya juya, ina gani. Na aza kunne har ya tsaya da kainai." Ya janye yatsunsa. "Ba ta yi magana ba. Nac ce ko don ni na."

Jannatu ta rufe bakinta da gefen gyale.

"Baba, mi ya sa ba ka ce in kunna maka ba?"

"Haba, ɗiyata. Da geme na, gida cike da mutane, in ce ma sa'ar jikanyata ina son jin muryar matata?" Ya girgiza kai. "Tun muna yara nike jin waƙar nan ta bayan danga. In na shigo sai ta yi shiru. Nac ce ko sau guda in ji ta kusa."

Sufeto ba mutum ne mai zagaye-zagaye ba, amma sai da ya yi gyaran murya kafin ya fara. Ya ce tun farko abin bai yi kama da aikin maƙiyi ba. Mai son ɓarna da ya san na'ura da ya shafe kaset ɗin shiru, ko ya jefar. Wanda ya yi wannan bai san na'urar na jin sa ba, ya kara kunne a jikinta yana jira, har gemunsa na gogar ta. Ba a ginin rediyo aka yi ba, tunda babu ƙarar inji. An yi a gidan da ake zaman makoki, inda akwai goran masunta. Kuma mutum ɗaya ne ya taɓa ganin ana danna maɓallan nan biyu, bai taɓa ganin ana danna na sauraro shi kaɗai ba.

"Baba, jan nan ba na ji ba ne. Na ɗauka ne. Duk abin da ke ciki, in an danna shi, sabo ke hawa kansa."

Hodi ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ke nan ba ƙi tay yi ba."

"Ba ƙi ta yi ba."

"Ni nig goge ta."

"Ba da sani ba."

"Akwai wani wurin da anka aje ta?"

Jannatu ta girgiza kai. Tsohon ya ce innalillahi a hankali, ya share fuska da tafin hannu. Baƙin cikinsa ya cika zauren, har Sufeto, wanda ya sha kai wa mutane labarin mutuwa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Jannatu ta ce a bar zancen, ba sai an rubuta sunan kowa ba. Ta faɗa da gaske, ko da yake ta san abin da take yarwa. Hodi ya tambayi abin da take nufi, Sufeto ya gaya masa sharaɗin makarantar, bai rage komai ba.

"Rubuta," in ji Hodi. "Hodi ɗan Abu, masunci. Ita ta tai, kada karatun ɗiyar mutane shi bi ta. In kotu ta, in taho."

"Ba kotu, Baba. Suna kawai."

Sufeto ya rubuta, ya karanta masa, tsohon ya dangwala yatsa. Jannatu ta karɓi takardar da hannu biyu. Sabon kaset zai samu, da ƙarin zango, sai dai ta nemi wani abin ɗauka, don waƙoƙin Ma'u ba mai su kuma.

Sun miƙe za su tafi Hodi ya kira ta, bai ɗago kai ba.

"Ɗiyata. Ke ɗai kinka ji. Ta yi zancena ciki?"

Jannatu ta dawo ta durƙusa. "Ta yi, Baba. Waƙar ƙarshe. Ta yi dariya tac ce, wagga ta mai gidan ga ta, in ya daɗe bisa ruwa nike yin ta." Ta tsaya, sannan ta ƙarasa, don ta ga yana jira. "Tac ce kuma kada in bari ka ji."

Hodi ya ɗauki allurarsa, ya nemo inda ya tsaya a jikin homar.

"To," ya ce. "Ban ji ba."