Ambulan Ɗin Fili Na Sha Huɗu

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis wani mai kamun kifi ya tsinci gawar dattijo a cikin ciyayin bakin Tafkin Merrow. Kafin goma Sufeto Kowalski ya iso, ya ajiye motarsa a ƙofar sansanin masu yawo da motocin kwana.

Likita ya ce an bugi mutumin a ƙeya, kuma ya kwana uku a ruwa.

Darlene, tsohuwar da ke kula da sansanin, ta leƙa fuskar sau ɗaya ta dafe ƙirji.

"Vernon ne, na fili sha huɗu. Wayyo Allah! To ina Loretta?"

"Wace ce Loretta?"

"Matarsa. Ba ta iya tafiya, kuma da tukunyar iska take numfashi."

Suka ɓalle ƙofar motar Vernon. Gado a gyare, keken guragu a naɗe, babu kowa. Inda ake jera tukwanen iska uku, wayam. Darlene ta ce kowace tukunya kwana ɗaya take yi. Sufeto ya ƙirga, yau ne kwana na uku.

"Madam, kwana uku ba ki ga mutane ba, ba ki ƙwanƙwasa ba?"

"Ɗan nan, kada ka ɗora mini! Wanda bai biya ba nake ƙwanƙwasa wa. Dubi can."

A jikin turken filin an maƙala 'yar takardar shaidar biya, da kwanan watan yau. Haka tsarin yake: ka cika ambulan, ka sa kuɗi, ka yage shaidarka, ka jefa ambulan a bututun ƙarfe da ke bakin ƙofa. Gawa dai ba ta cika ambulan. Wani ne ke biya don kada a taɓa ƙofar.

Aka kira jami'in gandun daji mai riƙe da mukullin bututun. Zai zazzage bututun a ƙasa, Sufeto ya riƙe masa hannu.

"A hankali. Yadda suka faɗa nake son su."

Ya duba na fili sha huɗu, bai ɓata jerin ba. Huɗun farko rubutu ne mai karkarwa, da lambar katin tsofaffi, da dala sha ɗaya a ciki. Ukun ƙarshe manyan baƙaƙe ne, babu lambar kati, dala ashirin da biyu cif.

Darlene ta zaro ido.

"Vernon ya biya cikakken kuɗi? Mutumin da ya yi rabin awa yana rigima da ni a kan dala ɗaya ta itacen wuta? Mai katin tsofaffi rabi yake biya, kowa a nan ya sani."

"Kowa?"

"Duk mai furfura. A watan Satumba kuwa mu ne muka cika wurin."

Sufeto ya sake duba jerin. Ranar Talata, ambulan ɗin sha huɗu yana kwance a kan na fili tara. Laraba ma haka, yau ma haka. Hannu ɗaya ne ya jefa su tare.

Fili tara yana can ƙarshen sansani, inda itatuwa suka yi duhu ko da rana tsaka. Wata tsohuwar tirelar kwana ce, an rufe tagoginta da kwali. Mai ita, Curtis Boyle, ƙaƙƙarfan mutum ɗan shekara arba'in, yana zaune yana gasa nama, wuƙa a gefensa.

"Ka san Vernon na sha huɗu?"

"Ban taɓa yi masa magana ba, Yallaɓai."

"Ƙarfe nawa kake biyan kuɗin filinka?"

"Bakwai na safe. Laifi ne?"

"Ambulan nawa kake jefawa?"

Curtis ya juya naman da bai isa juyi ba. "Ɗaya mana."

"Kai kaɗai ne a nan?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya kasa kunne. Sai ga wani siririn sauti daga cikin tirelar, fss, fss, kamar taya na sacewa. Daga nan sautin ya tsaya.

Curtis ya kai hannu ga wuƙa. Sufeto ya riga shi, ya ɗora masa bakin bindiga a goshi.

"Ka taɓa ta, ka bi Vernon. Ina mukulli?"

Aka sa masa ankwa. A ciki, a ƙasan gado, suka tarar da Loretta ɗaure da igiyar shanya, leɓunanta sun fara yin shuɗi, allurar ma'aunin tukunyar ƙarshe ta kwanta a kan sifiri. Darlene ta ruga duk da tsufanta, ta dawo da tukunyar wani maƙwabci. Mintunan da suka biyo baya, babu wanda ya yi numfashin kirki a wurin, sai da tsohuwar ta buɗe ido.

Curtis bai wahalar da kowa ba, ya zube a ƙasa yana magana.

"Motarsu nake so, wallahi ita kaɗai. Ya kama ni ina gwada mukulli, na buge shi. Takardun motar da sunanta suke, na ce ta sa hannu in sayar, ta yi ta cewa hannunta na rawa, sai gobe, sai gobe." Ya dubi Sufeto. "Yaya aka yi ka gane? Na biya fa! Ko sisi ban rage ba."

"Abin da ya tona ka ke nan."

Aka tura shi mota.

Ana ɗora Loretta a gadon ɗaukar marasa lafiya, ta kamo hannun rigar Sufeto. Muryarta sai an sunkuya.

"Ni na ce wa Curtis ya riƙa biya. Na ce in bai biya ba Darlene za ta zo."

"Amma ba ki gaya masa zancen katin ba."

"Ya tambaye ni nawa ne, na ce ya karanta allo." Ta ja iska da ƙyar. "Shekara hamsin da biyu ina jin kunyar rowar mutumin nan. Na san duk wanda ya ga ashirin da biyu zai san ba shi ba ne." Ta lumshe ido, hawaye suka gangaro cikin kunnenta. "Ba sai ka faɗa mini ba, ɗan nan. Tun ranar Talata na san ya tafi."

Darlene ta je turken fili sha huɗu ta cire takardar, ta tsaya riƙe da ita, ta rasa inda za ta sa.