Gaisuwar Shida da Rabi

Dutsen farko ya faɗo ne a wani yammaci da ba shi da wani abin a-zo-a-gani. Rana ta sauka bayan tankin ruwa, matar Injiniya tana kwashe shanya daga igiya, 'yarsu Auta tana zaune a bakin baranda da littafin lissafi a cinya, shi kuma maigidan ya dawo daga aiki yana kwance igiyar takalmi da fuskar nan tasa da ba ta san sakewa ba. Fitilun waje suka kama da kansu kamar yadda suka saba, injin ruwa ya yi gyaran murya ya soma cika tanki. Sai ga dutse a kan kwanon rufi, ƙwal! Ya gangaro a hankali ya faɗi kusa da ƙafar yarinyar.

Injiniya ya fita da takalmi ƙafa ɗaya, ya zagi 'ya'yan maƙwabta da iyayen da suka kasa ba su tarbiyya. Layin babu kowa, ko kyanwa. Da ya dawo ya tarar da matarsa ta ɗauki dutsen tana jujjuya shi. A jiƙe yake sharkaf, alhali rabon unguwar da ruwan sama an daɗe.

Washegari duwatsu biyu suka faɗo. Kafin mako ya zagayo sai da aka daina zama a tsakar gida da yamma, ana shiga falo a rufe ƙofa a saurari rufin yana amsawa. Matar ce ta fara lura da abin da ya fi duwatsun ban tsoro. Faɗuwar rana tana matsawa kaɗan-kaɗan kamar yadda take yi a kowane wata, amma jifan ba ya matsawa.

"Injiniya, mai jifan nan yana da agogo," ta ce a hankali. "Shida da rabi daidai. Ko minti bai taɓa makara ba."

Ya tashi ya bar falon.

Injiniya suna ne kawai da mutane suka laƙaba masa, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Aikinsa kula da kwamfutocin wani kamfanin jigilar kaya ne, ya kuma iya aikin, wannan kam babu mai musu. A ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin bene yana da wata tsohuwar kwamfuta marar allo, tana aiki dare da rana a tsakanin kwalaye da bokitin fenti. Da can, in baƙo ya zo, sai ya ja shi ɗakin ya yi masa bayani ko yana so ko ba ya so. A cikin na'urar, in ji shi, akwai wani mai gadin lokaci da ba ya yin barci mai nisa. Kowane minti zai farka ya duba umarnin da kowane mai amfani da na'urar ya bar masa. In lokacin wani umarni ya yi, sai ya tashi ɗan aike ya ɗora masa aikin, da sunan wanda ya ba da umarnin da kuma ikonsa, shi kuma ya koma ya kwanta bai jira an gama ba. Ɗan aiken yana yin aikinsa a bayan fage, ba a ganinsa, ba ya tambayar kowa komai, ko mai umarnin yana barci, ko yana tafiya, ko ya manta ma ya taɓa bayarwa. In ya gama, duk abin da ya kwaso sai ya ajiye wa mai umarnin a akwatin saƙonsa.

"Ni sau ɗaya nake magana," Injiniya yakan ce yana dukan ƙirji, "sauran na'ura ce ke yi."

Umarni uku yake da su na ƙarfe shida da rabi. Ɗaya na fitilu, ɗaya na injin ruwa. Na ukun ba ya nuna wa baƙi.

Shekara biyu da ɗoriya ke nan yana fushi da Inna, mahaifiyarsa. An tura shi wani kwas a nesa, mahaifinsa ya kwanta ciwo, Inna ta hana a gaya masa don kada ya baro jarrabawa. Sai da aka binne tsohon sannan aka kira shi. Ya dawo da takardar shaida a jaka da gawayi a zuciya, tun daga ranar bai sake taka garin da take ba, bai kuma sake kiranta ba. 'Yarsa Auta ma, da ke ɗauke da sunan Inna, wadda da can yake ce wa "uwata", ta koma "ke". Da matarsa ta ishe shi da cewa uwa uwa ce, ko gaisuwa ya riƙa yi, sai ya sayo sabon layin waya ya maƙala wa tsohuwar kwamfutar, ya rubuta umarni ɗaya. Kullum shida da rabi ɗan aike zai tura wa Inna: "Barka da yamma Inna, da fatan kin yini lafiya." Zai kuma kwaso amsar da ta aiko tun jiya. Wannan amsar ce Injiniya bai bari ta shiga akwatinsa ba. Akwai wani rami a cikin na'urar da masu sana'ar ke jefa abin da ba sa son gani, ba ya cika, ba a kuma ciro komai daga cikinsa. Can ya juya bakin amsar, ya rufe ƙofar ɗakin, ya ce wa matarsa ai yana gaishe ta kullum. Ƙarya ce mai tsafta, irin wadda mai ita ke iya rantsuwa a kai.

A daren da matarsa ta yi maganar agogo, ya shiga na'urar ta wayarsa ya mayar da fitilu ƙarfe shida, injin ruwa ƙarfe bakwai. Washegari fitilu suka kama da wuri, injin ya yi shiru, duwatsu suka zo a shida da rabi. Ya ga abin da idonsa, ya kuma gane, amma taurin kai bai bar shi ya taɓa na ukun ba.

Daga jifa aka koma murya. Tana fitowa daga ƙarƙashin bene, ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa tana mita ita kaɗai a ɗaki. Sai wata rana, Auta tana ɗauke da tire za ta kai wa ubanta shayi, agogon bango ya cika shida da rabi, ta tsaya cak. Tiren ya suɓuce. Ta juyo da idanu jajir, ta dube shi irin kallon da ba ta taɓa yi wa babba ba, ta ce da wata murya mai kauri:

"Ka sake zubo mini."

Asibiti sun auna duk abin da ake aunawa suka ce lafiyarta ƙalau. Amma yarinyar ta daina cin abinci, ta rame har zoben hannunta yana zamewa, kowane yammaci kuma sai an danne ta mutum biyu. Matar ta ce a kira malami. Injiniya ya yi tsalle ya dire, ya ce shi ba za a kawo masa 'yan damfara gida ba, shi da ya yi karatu. Ta dube shi, ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

"Karatun naka ya tashe ta mana! In 'yata ta mutu a kan girman kanka, wallahi ba zan yafe maka ba."

Malamin da ya zo tsoho ne siriri mai farin tabarau, ba ya son dogon zance. Ya iso rana tana ja, ya zauna a tabarma kusa da yarinyar, ya tambayi matar ko ana zubar da ruwan zafi a magudana da yamma. Ta rantse ba ta yi. Ya tambayi Injiniya ko akwai abin da shi yake zubarwa. Ya ce babu, yana kallon bango. Malam ya gyara zama ya soma karatu cikin murya mai sanyi, ɗakin ya yi tsit, haske yana janyewa daga taga kaɗan-kaɗan. Babu wanda ya tashi ya kunna fitila.

Dutse ɗaya ya faɗo a rufi. Auta ta miƙe zaune kamar an ja ta da igiya.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Wadda ake zuba wa shara a ka. Ka tambayi wancan mai baƙin ran."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Babu. Sunan tsohuwar ne a kanta, shi ya sa na shiga. Na yi jifa bai ji ba, na yi magana bai ji ba." Muryar ta ƙara sama, har gilashin taga yana rawa. "Na gaji da hayaniyarku, na nemi wurin da babu kowa. Na samu rami mai duhu a cikin ƙarfen nan, na ce nan zan huta. Sai ga wannan kullum yamma yana aiko yaronsa marar fuska ya juye mini maganar uwarsa a ka! Yaron ba ya sallama, ba ya ji in na yi masa magana, ya zuba ya ɓace, gobe wani ya zo. Na yi haƙuri lokacin da maganar albarka ce kawai. Yanzu da hawaye take zuwa, zafinta ya fi tafasasshen ruwa. Ni ma na haifa, Malam. Ba zan ƙara haɗiye ta ba."

Matar ta juya ta dubi mijinta a cikin duhun. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon.

"Ƙarya ce!" Injiniya ya daka tsawa. "Abin da ya shiga ramin nan ba ya wanzuwa. Babu komai a ciki!"

Aljanar ta yi dariya da bakin Auta. Daga nan muryar ta canja, ta yi laushi, ta tsufa, ta zama wadda duk mutanen gidan suka sani.

"Na yini lafiya ɗana, Allah ya yi maka albarka. Yau na ga takalmin babanka a bayan ƙofa, na kasa komai. Ɗana, kullum magana ɗaya kake rubuto mini, ko dai har yanzu fushin ne? Na faɗi a banɗaki, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa, kada ka gaya wa matarka, za ta damu. Idona na hagu ya tafi, na dama ma hazo-hazo. Na yi kuskure da na ɓoye maka, na sani, ka yafe mini. Akwai maganar da babanka ya bar maka ranar da zai cika, ba ta rubutu ba ce, amma tun da ba ka zuwa bari in faɗa maka ita nan."

A nan muryar Inna ta yanke.

Injiniya ya samu kansa a durƙushe bai san lokacin da ya sauko daga kujera ba. "Me ya ce? Don Allah, me ya ce?"

"Yanzu kake son ji?" Muryar mai kauri ta dawo. "Ka jefar, ta zama tawa. Wannan ba zan ba ka ba."

Malam ya ɗaga hannu ya ci gaba da karatu, ya tsananta, har jikin yarinyar ya soma karkarwa, aljanar tana ihu a bar ta haka. Ya ce ta fita ta bar baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta ce za ta fita, amma da sharaɗi. A kashe yaron nan marar fuska yanzu, a gabanta, kada a sake tashin wani. In kuma aka sake zubo mata ko kalma ɗaya ta tsohuwar, za ta dawo, wannan karon ba za ta tsaya magana ba.

"Ni ban san yaron da take faɗa ba," Malam ya ce wa Injiniya. "Kai ka sani. Da sunanka yake aiki, kai za ka sallame shi."

Ya ciro wayarsa, ya shiga na'urar, ya goge umarnin nan na uku. Aikin bai kai numfashi biyu ba. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin uwarta, ƙofar ɗakin ajiya ta buɗe da kanta ta sake rufuwa. Can yarinyar ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa. Malam ya tattara tabarmarsa, ya ƙi karɓar komai, ya ce wa matar ta ba ta ruwa da abinci mai laushi. Maigidan kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Injiniya ya fita tsakar gida, cikin jiƙaƙƙun duwatsun da ba a share ba. Ya daɗe yana kallon lambar kafin ya danna. Ta yi ta ƙara, har ya fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Inna," ya ce.

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Inna. Ɗanki."

Ya ji ta ja numfashi. Sai ta ce da kakkausar murya, "Kai, ka ji tsoron Allah. Na ji labarinku, masu kiran tsofaffi kuna cewa ku 'ya'yansu ne. Ɗana ba ya kira, rubutu yake yi, kuma ba wannan ce lambarsa ba. Yau ma ya gaishe ni, gobe ma zai gaishe ni, bai taɓa fashi ba." Ta kashe wayar.

Ya tsaya da wayar a kunne kamar wanda aka mara. Da ya juyo, matarsa tana bakin ƙofa, ta ji komai, makullin mota yana hannunta. Ta jefo masa shi ya faɗi a ƙafarsa.

"Gobe shida da rabi za ta zauna da waya a hannu tana jira," ta ce, "kuma babu abin da zai shigo. Garin da nisa. In ka kama hanya yanzu, za ka riga lokacin isa."

Ya sunkuya ya ɗauki makullin.