Inda Waƙar Ta Yanke

Ranar da Auta ta fara shiga shagonsa, Injiniya yana liƙa waya a cikin wata tsohuwar rediyo. Kallo ɗaya ya yi mata ya ƙona yatsa.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Kai ne mai gyaran kaset?"

"Ni ne, sai dai yau hannun ya ba ni kunya."

Ta ajiye wani kaset da zarensa ya cukurkuɗe. Na Abbanta ne, waƙoƙin rawa na zamanin samartakarsa. Tun tana ƙarama rediyo ta tauna shi, Abban ya ɓoye shi a ƙasan akwati. Ta ɗauko ba da saninsa ba don ta ba shi mamaki.

Aikin yini guda ne, amma Injiniya ya yi ta jan sa, kullum da ɗan abin da ya rage. Auta ta harbo jirginsa, ita ma dai ba ta cikin gaggawa.

"Autata," ya rubuto mata, "kaset ya kusa warkewa, mai gyaran ne ya kamu. Gobe ki zo dubiya."

Ta mayar masa: "Injiniyan ƙarya. Zan zo, amma kaset zan duba."

Da magana ta kai kunnen Abba, sai ya murtuke. Shi wani mai kemis yake so ta aura, mai mota da natsuwa.

"Yaron da yake wuni cikin kiɗa, wane gida zai riƙe?"

Injiniya ya sa rai kaset ɗin zai yi masa lauya, don haka ya zage a kan aikin. A tsakiyar waƙar da ta fi daɗi akwai inda kiɗa ya yanke, sai hayaniya da dariya. Ya sa almakashi ya cire wurin, ya haɗe zaren, waƙa ta tafi sumul.

Da Auta ta kunna wa Abba, fuskarsa ta washe, ƙafarsa ta fara bugun ƙasa.

"Da wannan muka ƙarar da takalma," ya ce.

Can ya ɗaga hannu kamar mai jiran baƙo. Waƙa ta wuce. Ya mayar baya, ta sake wucewa.

"Ina muryar?"

"Wace murya, Abba?"

"Ta mahaifiyarki. Muna rawa a tsakar ɗaki, kika rarrafo kika danna jan madanni, ya ɗauki maganarta. Ita kaɗai ta rage min tun da ta rasu." Ya kashe rediyon. "Ki gaya wa mai gyaran naki kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan."

Saƙon da ta tura masa gajere ne: "Muryar Ummata ka yanke. Ban taɓa jin ta da wayona ba. Kada ka kira ni."

Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai dai maigidan da ya koya masa aiki yana da doka: duk abin da ka yanke daga kayan mutane, ba naka ba ne, kada ka zubar. Saboda haka akwai wani gwangwani a ƙarƙashin tebur cike da guntayen zare. Ya rufe shago, ya dinga liƙa su a wani kaset yana saurara. Ya ji tari, ya ji kukan jarirai, ya ji faɗan mutanen da bai sani ba, har ya zo kan wata dariya.

An hana shi taka ƙofa, don haka a bakin titi ya tsaya da 'yar rediyo. Da Abba ya fito, ya durƙusa ya danna.

Wata mace tana dariya har numfashinta na sarƙewa: "Ka taka min ƙafa, malam. Wai wa ya koya maka rawa?"

Abba ya zauna a dakali. A bayan ƙofa Auta ta toshe baki tana kuka.

"Me ya hana ka zubarwa?" Abba ya tambaya.

"Ba nawa ba ne, Abba. Ka yafe min."

"Na gode, ɗana. Tashi ka shigo."

Injiniya ya mayar da guntun zaren inda ya yanke shi. Ranar bikinsu Abba da kansa ya ce a sa waƙar, kuma a bar ta yadda take. Ango da amarya suna tsakiyar fili kiɗa ya yanke, muryar Umma ta cika wurin. Injiniya ya rikice, ya ko taka ƙafar amaryarsa.

Abba ya yi dariya hawaye na bin gemunsa. Ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da ya ba mu. Ki yi haƙuri da shi, Auta. Ummanki ma haka ta yi da ni."